Jirgin Da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Yau ba labarin soyayya na zo maka da shi ba, wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi tun bayan babbar sallah, na juya ta na sake juyawa, na ga gara in zube ta a takarda mu duba ta tare. In na yi daidai daga Allah ne, in kuma na kuskure a yi mini afuwa, ajizanci ne irin na ɗan Adam.

Mafarin zancen wani ɗan bidiyo ne da Yayana mai karatu a Ingila ya turo mini a waya. Ran nan muna zaune a tsakar gida da la'asar sakaliya ni da Goggona, ƙanwar mahaifinmu, ina tsintar shinkafa ita kuma tana gyaran zogale, sai na buɗe. Bayan gidan maƙwabcinsa ne ya ɗauko, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, kansa fari fat kamar auduga. Ga shi nan durƙushe a cikin ciyawa da ɗan gwangwanin mai a hannu, a gabansa kuwa jirgin ƙasa ne, amma wanda kansa bai fi tsawon kamu ɗaya ba. Ya ɗiga masa mai, ya ɗura masa ruwa, ya kunna masa wuta, ya koma gefe yana jira kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Can sai abin ya fara huci, ya yi usur, ya ja taragunsa guda huɗu ya bi ta gindin furanni, ya hau wata 'yar gada da aka gitta a kan kududdufi, ya shige rami a ƙarƙashin duwatsu, ya ɓullo ta ɗaya gefen yana fitar da tururi, ya wuce wata tasha da ba ta fi kwalin taliya girma ba, ya dawo daidai inda ya tashi. Dattijon nan ya washe baki kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Goggo ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta ta ƙura mata ido, ta ce, "Ke, wannan jirgin ina za shi?"

Na ce, "Babu inda za shi Goggo, zagayawa kawai yake yi."

"To me ya ɗauko?"

"Babu komai."

"Biyan tsohon ake yi?"

Na ce, "Ai shi ne ma yake kashe kuɗinsa."

Ta miƙo mini wayata ta ce, "Samun wuri, kuturu da gaɗa a cikin rama! Mutum da furfurarsa, ƙafa ɗaya a kabari, maimakon ya nemi wani maraya ya ciyar ko ya zauna ya yi tunanin makomarsa, ya tsuguna yana wasan yara. Wannan ƙoshi ne kawai, Allah Ya shirya."

Na yi dariya har da ƙwalla, don a lokacin ni ma ra'ayina ke nan. Amma da na kwanta da dare fuskar dattijon nan ta ƙi barina in runtsa. Na san wannan fuskar, na taɓa ganinta a wani wuri, na rasa a ina. Sai na shiga damun Yaya da tambayoyi, na kuma shiga karance-karance, ashe abin ba haukan mutum ɗaya ba ne, duniya ce sukutum.

A Ingila da Jamus da Amurka akwai dubban mutane, yawancinsu maza masu shekaru, da suke shimfiɗa ɗan layin dogo a lambun bayan gidansu. A Ingila har ƙungiya gare su tun 1947, suna ziyartar juna gida-gida, kowa ya ɗauko jirginsa a akwati ya zo ya ɗora a layin ɗan'uwansa, a sha shayi a yi hira. Abin ya ƙara bazuwa ne daga 1968, lokacin da wani kamfanin kayan wasa na birnin Nuremberg a Jamus ya fito da jiragen da ake kira LGB, waɗanda aka ƙera don su jure ruwa da rana da ƙanƙara. Tsakanin ƙarafunan layinsu milimita 45 ne, wato bai fi faɗin yatsu uku ba, alhali tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne. Komai na jirgin an rage shi sau 22 da rabi daga na gaskiya, hatta ɗan mutum-mutumin direban da ke leƙowa ta taga.

Akwai mai aiki da lantarki, wanda wuta mara ƙarfi ke bi ta cikin ƙarfen layin ta motsa shi, akwai mai batir, akwai kuma mai tururi na gaske irin na dattijon nan, mai 'yar tukunyar ruwa a cikinsa. Ana hura masa wuta da gas ko sifirit ko ma kwal, ruwan ya tafasa, tururin ya tura ƙafafun. Ɗurin ruwa ɗaya yakan kai shi kamar rabin sa'a, sai a tsaya a sake. Kan jirgi ɗaya irin wannan yana iya haura fam 1,000, ban da taragu, ban da layi. Wahala kuwa ba a magana. Sai an daidaita ƙasa da ma'auni, don ɗan jirgin nan ba ya son hawa, in tudu ya wuce taku 2 ko 3 a cikin taku 100 sai ƙafa ta riƙa sulɓewa. Zafin rana yana miƙar da ƙarfe, sanyin ƙasarsu yana daskarar da ƙasa ta kumbura ta karkatar da layi, ɗan tsinke ɗaya ko dodon-koɗi ɗaya ya isa ya kayar da jirgi. Hatta shuke-shuken sai an zaɓo masu ƙananan ganye ana yi musu aski, don kada bishiya ta fi ƙarfin tasha. Sau da yawa shara da gugar layi sun fi wasan kansa cin lokaci, kuma duk a durƙushe ake yi.

To ga tambayar da nake son mu duba mai karatu. Shin ya dace babban mutum mai hankali ya zuba dukiyarsa da kwanakinsa a cikin abin da ba ya ɗaukar kaya, ba ya kai kowa ko'ina? Ko kuwa Goggo ce da gaskiya?

Kada mu raina maganar Goggo, don ba ta banza ba ce. Fam 1,000 in aka canza shi aka shigo da shi unguwarmu, ya isa jarin mata da yawa masu tuyar ƙosai, ya isa ya fito da wani da aka riƙe a asibiti saboda kuɗin aiki, ya isa ya mayar da yara makaranta. Alƙur'ani mai girma a Suratul Isra'i ya yi wa masu almubazzaranci kakkausan gargaɗi, kuma tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa kowa sai an tambaye shi a me ya ƙarar da rayuwarsa, dukiyarsa kuma ina ya samo ta, ina ya kai ta. Goggo ta taso a gidan da ko ƙanzo ba a zubarwa, ta raini marayu da kuɗin surfe da ƙuli-ƙuli. In irinta ta ga mutum yana ƙona gas don ya ga tururi kawai, dole abin ya sosa mata rai. Wanda bai ji nauyin maganarta ba bai san yunwa ba ne.

Sai dai laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Kwana biyu bayan nan ina cikin wanki na tuna inda na san fuskar dattijon nan. Ƙanena ne, yana ɗan shekara tara, ranar da ya gama motar kara. Kwana uku ya yi yana fere karan dawa da reza, har da yanke yatsa, ya yi mata tayoyi da tsohon silifas, ya sa mata dogon sitiyari, ya tura ta daga zaure zuwa bakin masallaci ya dawo yana yi mata kukan mota da baki, bai ɗauko komai ba. Ni ma na tuƙa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, na yi wa 'yartsanata aure har da jere. Babu wanda ya kira mu almubazzarai, ƙanen nawa ma cewa aka yi yaron nan zai yi fasaha. To wace rana ce aka yanka aka ce daga yau jin daɗin ƙera ƙaramin abu ya zama abin kunya?

Gaskiyar magana ba mu daina wasa ba, suna muka sake masa. Na san magidancin da sai ya watsa wa tattabarunsa dawa kafin ya tambayi abin da za a dafa a gida. Na san wanda yake raba dare a gidan kallo yana ihu saboda ƙwallon da ake bugawa a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Mu mata kuma fa? Ankon da za a sa rana ɗaya a jefa a ƙasan akwati, da jeren kwanukan da ke kabad waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, su ina za su? Me suka ɗauko? Duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, namu ne dai kawai ba ya usur.

Addininmu ma bai rufe ƙofar nishaɗi ba. Ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da kayan wasanta, a ciki har da wani ɗan doki mai fukafukai, da Manzon Allah (SAW) ya gani ya tambaye ta, amsar da ta ba shi ta sa shi dariya. Ya kuma yi tseren gudu da ita har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Amma labarin da ya fi buɗe mini ido shi ne na Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salman ya kai wa ɗan'uwan nasa ziyara, ya tarar da matar gidan cikin tsummokara babu ado, da ya tambaya ta nuna masa cewa mijinta ba ya ta duniya, azumi da rana, tsayuwa da dare. Aka kawo abinci Salman ya ƙi ci sai da maigidan ya karya azuminsa na nafila suka ci tare. Da dare ya tashi zai yi sallah Salman ya sa shi ya koma ya kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi tare, sannan ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, jikinsa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da nasu. Da maganar ta je gaban Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salman.

Ka duba fa mai karatu. In har nafila, wadda lada ce tsantsa, za a ce wa mutum ya sassauta saboda haƙƙin matarsa, ina ga jirgin wasa? Daga nan ne na ga tambayar Goggo ta ina za shi ba ita kaɗai ce tambaya ba. Akwai wadda ta fi ta: wa yake biyan kuɗin wasan nan, da aljihunsa ko da haƙurinsa? Kuma ran da wasan ya taka ɗan Adam, mai shi zai iya ajiye shi? Sai na koma tarihin masu jiragen nan ina neman matansu, don mace ita ce takan san farashin abin da mijinta yake so. Na samu biyu.

Ta farko matar Roland Callingham ce, wani akanta mai hali a garin Beaconsfield kusa da Landan. Shi jiragensa a cikin gida suke, sun cika mata wuri, har a 1928, kamar yadda ake ba da labarin, ta ce masa ya zaɓa, ko jirgi ya fita ko ita ta fita. Duk macen da aka taɓa yi wa kishiya ta san ɗacin da ke kawo irin wannan magana, ita dai tata kishiyar ta ƙarfe ce. Mutumin nan bai tsaya yana cewa shi ne maigida ba, ya kwashe layinsa ya fita da shi lambu. Shi da mai kula da lambun da sauran ma'aikatan gidan suka yi ta gina ƙananan gidaje da kantuna da tashoshi a gefen layin, har abin ya zama gari guda. A 1929 ya buɗe wa jama'a ƙofa, wurin da ake kira Bekonscot. Marigayiya Sarauniya Elizabeth ta je kallo tana ƙaramar yarinya a 1934. Shi ya rasu a 1961, amma jiragen suna nan suna zagaye a kan layin da ya haura mita 400, kuma ribar kuɗin shiga ayyukan jinƙai ake ba wa, abin da aka bayar ya wuce fam miliyan 5. Ka ga jirgin da ba ya zuwa ko'ina ya kai taimako gidajen da mai shi bai taɓa takawa ba. Amma ni wallahi ba sadakar ce ta fi burge ni ba, don ba kowane mai wasa ne zai tara miliyoyi ba. Fitar nan da ya yi da kayansa ranar da matarsa ta yi magana, ita ce ta fi burge ni.

Ta biyu Lillian ce, matar Walt Disney, mutumin nan na Amurka mai fina-finan zane na yara. A 1950 ya shimfiɗa layi mai tsawon kusan mita 800 a gidansa da ke Los Angeles. Nasa jirgin ya fi girma, kashi ɗaya cikin takwas ne na jirgin gaskiya, har mutum yana iya zama a kan tarago a ja shi. Da aka zo awo sai matar ta ce sam, layi ba zai bi ta inda ta tanada don shuka furanninta ba. Maimakon ya murje ido ya ratsa, sai ya haƙa wa jirgin rami mai tsawon mita 27 ya bi ta ƙarƙashin wurin, ya raɗa wa kan jirgin suna Lilly Belle don girmama ta, har ya sa lauya ya rubuta musu yarjejeniya ta raha suka sa hannu, 'ya'yansu mata biyu suka zama shaidu. Shekara uku ana shan daɗi, baƙi suna zuwa ana zagayawa da su. A 1953 wani baƙo ya karɓi tuƙi ya shiga kwana da gudu, jirgin ya kife, usur ɗinsa ya karye, tururi ya yi tsiri ya ƙone wata yarinya 'yar shekara biyar. Disney ya rufe layin, ya kai jirgin ajiya, bai sake kunna shi a gidan ba. Abin da ya zuba wa kuɗi da ƙarfi, wanda wasu sassansa da hannunsa ya ƙera, ya ajiye shi saboda kada a sake ƙone ɗan wani. Son jirgi bai bar shi ba, don da ya buɗe Disneyland a 1955 ya kewaye wurin da layin dogo, amma can tuƙi a hannun ma'aikata yake.

Su biyun nan ba waliyyai ba ne, masu kuɗi ne da suka samu abin da zuciyarsu take so. Amma kowannensu an zo ranar da aka ajiye masa jirgi a hannun dama, mutum a hannun hagu, ya ɗauki mutum. Ni a wurina wannan shi ne ma'aunin. Wasa yana nan a wasansa muddin kai ne kake riƙe da shi. Ran da aka ce ka ajiye ka kasa, to ya tashi daga wasa, shi ne yake riƙe da kai.

Me ya sa kuwa ajiyewar take da wuya? Na yi tunani na ga saboda ƙaramar duniya tana jin magana ne. Ɗan jirgin lambu in ka murɗa ya tashi, in ka murɗa ya tsaya. Mutanen tasharsa ba sa neman kuɗin cefane, ba sa yaji, ba sa rashin lafiya, ba sa mutuwa. A Bekonscot ma a 1992 sun daina bin zamani, suka mayar da garin kamannin shekarun 1930 suka bar shi a haka, gari ne da ba ya tsufa. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana ba shi umarni a wurin aiki, 'ya'ya suka girma suka watse, abokai suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, in ya samu wurin da komai ke tafiya yadda ya tsara, ta yaya ba zai so shi ba? Wannan hutu ne, kuma zuciya tana bukatar hutu kamar yadda jiki ke bukatar barci. Hatsarin shi ne mutum ya je hutu ya ƙi dawowa, ya tare a can, har mutanen gidansa su zame masa kaya, don su ba a kan layi suke tafiya ba.

Da na haɗa duk wannan bayani sai na kwasa na kai wa Goggo ina taƙama, na zayyana mata Callingham da Disney da matansu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni ban san Turawanki ba. Amma ke da kike ta dariya ran nan, mutanen nan naki na takarda, da kike aurar da su kike sakinsu kike kashe su, a wace unguwa suke? Ina za su?"

Wallahi mai karatu sai da na ji kamar ta watsa mini ruwan sanyi. Ashe fuskar dattijon nan ba ta ƙanena kaɗai ba ce, tawa ce duk ranar da na kai ƙarshen babi. Ni ma gari gare ni, ƙarami, a cikin littafin rubutu, ni nake cewa wane ya so wance, ni nake saukar da ruwa in ɗauke, mugu sai na ga dama zai tuba. Littafina na farko da kuɗin adashina na buga shi, kuɗin da na yi niyyar sayen keken ɗinki. Wannan bai dame ni ba, kuɗina ne, babu bakin wanda na cire wa loma. Abin da ya dame ni wani dare ne da na so in manta. Ina tsakiyar rubuta ɗaurin auren wata yarinya da na sha wahalar haɗa ta da masoyinta, 'yata ta fari ta zo bakin ƙofa da littafin lissafinta ta ce, "Umma." Na ce bari in gama wannan shafin. Ta sake dawowa na ce bari in gama. Can sai na jiyo ta a tsakar gida tana ce wa ƙanenta, "Kada ka shiga, Umma tana wajen mutanenta." Ba da fushi ta faɗa ba, faɗar wanda ya saba ne, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da na fito ta yi barci a kan tabarma, fensir a hannunta. Na aurar da 'yar takarda lafiya lau, tawa ta jini ta tafi makaranta da aikin da ba a duba ba. Tururi bai ƙone kowa a gidana ba, amma ni na san abin da na taka a daren nan.

Shi ya sa ma na ga mai jirgin lambu ya fi ni wani abu guda. Tasa duniyar a waje take, a ƙarƙashin sararin Allah. Ruwa zai zo ya wanke masa tsakuwar layi, iska ta watsa masa ganye, dodon-koɗi ya tare masa hanya, kullum ana tuna masa cewa ko a bayan gidansa ba shi ne mai iko ba. Kuma yana inda matarsa za ta hango shi ta taga, yaran maƙwabta su leƙo ta katanga. Ni kuwa tawa duniyar a ƙule take a ɗaki, babu iskar da ke shiga sai wadda na rubuta.

Ban daina rubutu ba, kuma ba zan ce wa dattijon nan ya daina jirginsa ba, ba zan ce wa mai tattabaru ya yanka su ba. Allah bai halicce mu don ci da sha da biyan bashi kawai ba, Ya sa mana son kyakkyawan abu da son ƙera shi, kuma mutumin da aka raba da duk abin da yake so yakan zama mai ɗacin rai, ɗacin nan kuma a kan iyalinsa yake saukewa. Abin da na yi shi ne na sa wa kaina doka. Ba na ƙara rufe ƙofa in ina rubutu. In yaro ya kira ni ina ajiye biro ko a tsakiyar jimla nake, mutanen takarda za su jira, ba sa girma, ba sa mantuwa, nawa kuwa kullum girma suke yi. Duk littafin da na buga kuma ina cire wani abu daga cinikinsa in kai inda Goggo ta nuna mini, don maganarta ta maraya tana nan daram, babu bayanin da ya goge ta. Ba kullum nake cika dokar ba, amma yanzu in na karya ina sanin na karya.

'Yar'uwa, ɗan'uwa, kowa ya duba nasa ɗan jirgin, ko waya ce, ko ƙwallo, ko biki, ko majalisar dare. Ka tambayi kanka kuɗinsa daga bakin wa ya fito, lokacinsa na wane ne ka ɗiba, in kuma aka kira ka kana tsakiyarsa, za ka iya tashi?

Makon jiya Yaya ya sake turo wani bidiyon. Dattijon ne dai, amma wannan karon matarsa tana gefe da ɗan almakashi tana yi wa shuke-shuken bakin layi aski, ashe duk furannin nata ne, 'ya'yan Yaya biyu kuma suna tsugune suna rigimar wanda zai ja usur. Na kai wa Goggo ta kalla har ƙarshe, ta yi shiru, can ta ce, "To in dai matar ba ta kuka da shi, yaran maƙwabta suna shiga, Allah Ya ba shi lafiyar gwiwa. Amma ki ce wa Yayanki ya gaya masa, in ji ni, ya riƙa tunawa da marayu."

Na ce, "To Goggo, zan gaya masa."

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.